Kaka Halo da Na'ura Mai Ƙaho Biyu

"Lafiya lau muke, mai gida. Wa ya rasu?"

"Haba Tsohuwa, daga gaisuwa? Babu wanda ya rasu. Ke ake ta jira, kin tsaya kin tare hanya."

"In na tafi wa zai ƙarasa renonka? Shigo, amma ka sunkuya, kada ka fasa mini ƙwan fitila da wannan kan naka."

Dogo ya sunkuya ya shigo, jakar aiki a kafaɗa, kwali a hammata, ya durƙusa gaban gado ya ƙarasa gaisuwa kamar mutumin kirki. Ɗan babbar 'yarta ne, ya ba talatin baya, sana'arsa haɗa wa ofisoshi intanet, duk dangi Injiniya suke ce masa. Kaka Halo ce kaɗai har yau ba ta sa hannu a kan wannan muƙamin ba. Ita ma Halo ɗin ba sunan yanka ba ne. Shekara ashirin da takwas ta yi a ofishin tarho tana haɗa layi, abin sauraro a kunne, igiyoyi a hannu, tana "Halo, wace lamba?" tun safe har yamma, har sunan ya biyo ta gida ya zauna.

Baki ne ke amsa gaisuwar, amma idonta na kan kwalin. A jikinsa an zana wata farar na'ura mai ƙaho biyu, kuma ta san abin da ya kawo ta. Jiya ɗanta ya leƙo yana murna ya ce gobe Injiniya zai zo ya sa musu waifai, a huta da wannan ɗaukewar intanet da ta addabi gidan. Ta ce masa Allah ya sa albarka. Tun daga lokacin abinci bai ƙara yi mata daɗi ba, don kuwa ɗaukewar intanet ɗin nan ba kowa ba ce, ita ce.

Ɗakin da take ciki a ƙasa, da can ofishin ɗanta ne, kuma ta nan layin intanet ya shigo gidan. Da gwiwoyinta suka yi wa matakala tawaye shekara biyu da suka wuce, sai aka fitar da tebur aka sa mata gado, aka bar wani baƙin akwati mai ramuka takwas a kan durowar gefen gadon. Daga jikinsa kebul huɗu suka hau bango suka huda silin: ɗaya ɗakin karatun ɗanta, ɗaya wurin surukarta mai sayar da yadi ta intanet, ɗaya ɗakin ƙaramar 'yarta Auta da ke karatun digiri na biyu daga gida, ɗaya talabijin ɗin falon sama. Rayuwar gidan duk a sama take. Ba wanda ya wulaƙanta ta, Allah shaida, abinci a kan kari, magani a kan kari, gaisuwa safe da yamma. Sai dai gaisuwar daga bakin ƙofa ake yin ta, ƙafa ɗaya a waje, waya a hannu. Kafin ta gyara zama ta ce "af, na ce ba", mutum ya kai tsakiyar matakala.

Wata rana tana goge ƙura hannunta ya bugi kebul guda. Ba a yi minti biyu ba sai ga Auta a fusace, kitso rabi a tsefe, tana neman abin da ya yanke ta. Ta duba, ta jijjiga, ta rasa, ta zauna a bakin gado tana mita, daga mitar ta zarce da labarin wani malaminsu har rabin awa. Kaka Halo ta daɗe ba ta yi dariya irin ta ranar ba. Hannun da ya yi shekaru yana zare igiya yana mayarwa kuwa bai buƙaci a sake koya masa ba. Ba ta zare kebul gaba ɗaya, wannan aikin ɗan koyo ne. Ɗan harshen robar take dannawa ta ja shi baya kaurin farce, ido ya gan shi a ciki alhali ya saki. Ta jingina kwalbar man zafi a gaban fitilun akwatin. Ta sanar da gida cewa akwati zafi yake ɗauka, sai an zauna an ba shi minti goma sha biyar ya huce. In hira ta ishe ta sai ta ɗauki hankici kamar za ta goge shi, ta tura kebul ɗin, ta yi tari ta rufe ƙarar shigarsa. Da haka take kiran mutanen gidanta ɗaya bayan ɗaya, yau kuma ga jikanta ya zo da abin da zai kashe mata kasuwa.

"Mene ne a kwalin? Kyankyaso ka kawo mini?"

"Waifai ce. Intanet ta iska. Kowa ya kwanta a gadonsa da wayarsa, ba kebul, ba saukowa."

Wannan "ba saukowa" ya soke ta, amma ko gezau ba ta yi ba.

"Ikon Allah. Uwarka ta yi shekara biyar tana tura ka jami'a, ka dawo kana yawo da iska a kwali."

"Iskar nan ke riƙe da duniya yanzu. Ba irin zamaninku ba, da mutum zai ɗaga tarho yana saurayi, kafin ki haɗa shi da budurwar ta yi jika."

"Ƙarya kake, mai kunnuwa kamar murfin tukunya. Ni nan layi arba'in nake haɗawa a minti ɗaya da hannun hagu, na dama yana riƙe da uwarka tana shan nono."

"Bara talatin kika ce."

"Bara ina jin nauyinka ne."

"Kuma duk arba'in ɗin kina saurare. An ce a garin nan sirri bai taɓa kwana ba sai ranar da kike hutu."

"Sauraro aikina ne, in tabbatar layi na da kyau."

"Shi ya sa aka gaji aka kawo inji ya karɓe ku."

Da wasa ya faɗa, yana yanka salatif ɗin kwalin da makulli, bai ma ɗago ba. Ita kuwa ta tuna. Wancan karon ma a cikin kwalaye aka shigo da shi, samari masu fara'a suna ta yi musu bayanin yadda kowa zai huta. Aka ba kowace agogon bango aka ce ta je gida. Ta dubi ƙeyar jikan nata ta ƙudurta a ranta cewa wannan karon sai an sha wuya da ita.

Dogo ya baje kayan a gefen gado: na'ura, ƙahoni biyu, ɗan littafin bayani, da caja mai doguwar wutsiya. Ya juya zai ɗauko sukundireba a jaka. Kafin ya juyo caja ta yi ɓatan dabo, Kaka Halo kuma ta gyara zaninta tana nazarin silin.

"Tsohuwa, ina cajar?"

"Wace caja? Ba su saka maka ba. Sun ga fuskarka sun san za ka cutu."

"Yanzu na ajiye ta a nan."

"To tambayi iskar taka, ƙila ita ta ɗauka."

"Ɗan ɗaga."

"Gwiwa."

"Ga wutsiyarta nan tana leƙowa ta ƙarƙashin zaninki."

"Wutsiyata ce. Tsufa ne, kai ma za ka yi."

Sai da ya dafa gado don dariya, sannan ya kama wutsiyar ya ja a hankali, caja ta fito da ɗuminta. Ta bar masa, ta sake salo.

"Ka dai sani abin nan gashi yake ci. Wani ya sa a gidansa, wata uku har kyanwarsa ta yi sanƙo."

"To Kawu ai ba shi da abin da zai yi asara."

"Yana hana aure kuma."

"Haba! Ni da na shekara goma ina aiki da shi?"

"To ka gani. Ina matar?"

Wannan ta ci, kuma ya san ta ci. Ta ga dama ta samu, sai ta kwantar da murya.

"Ka mayar da kyankyason nan kwalinsa ka ce wa kawunka bai yi daidai da gidan ba, ni kuma in samo maka mata kafin wata ya ƙare."

"A cikin ƙawayenki?"

"Akwai wata mai haƙora shida, duk nata ne. Ta fi ƙarfinka ma, amma zan roƙe ta."

"Na gode, a bar wa mabuƙata. Bari ki ji tsarin. Kebul ɗaya zan ɗauka daga akwatin nan in kai barandar sama, in kafa na'urar a silin, daga can ta wadaci kowane ɗaki. Amma sai na fara gano ciwon akwatin, don Kawu ya ce in ya lalace in jefar."

"A jefar da wa? Akwatin nan ya fi ka lafiya!"

"Ke da kika ce zafi yake ɗauka?"

Bakinta ya riga ta, ta ja shi ta tsuke. Dogo ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya ji shi sanyi ƙalau. Ya ɗauke kwalbar man zafi, fitilu huɗu suka bayyana suna ƙyaftawa lafiya lau.

"Wannan fa, me take yi a nan?"

"Maganinsa ne. In ya ji ƙamshin yana samun sauƙi."

Ya ajiye kwalbar gefe. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya warware. Ta gane rubutun tun daga nesa. Ɗan nata malamin lissafi ne, ko atishawa ya yi sai ya rubuta ƙarfe nawa.

"Kawu ya ba ni tarihin mara lafiya. Layin Anti yana ɗaukewa ƙarfe sha ɗaya na safe, Litinin da Alhamis. Na Auta bayan la'asar, kusan kullum. Na Kawu Asabar da Lahadi kawai, ranakun da ba ya zuwa makaranta. Ba a taɓa yanke biyu lokaci guda ba. Talabijin kuwa sau ɗaya tak, ranar wasan ƙwallo na ƙarshe, saura minti biyar a tashi." Ya ɗago. "Tunda nake gyaran layi ban taɓa ganin ciwon da ya san jadawalin mutane ba."

"Ɓera ne."

"Ɓeran ya san ranar hutun Kawu?"

"Ɓeran gidan malamai ne."

Ya durƙusa ya haska bayan akwatin da fitilar wayarsa. Kan kebul ɗin talabijin ya yi ƙura, sauran ukun kuwa harsunansu sun goge har suna sheƙi. Ya kai hanci ya shinshina ɗaya.

"Allah sarki. Ɓeran ma ciwon gwiwa ke damunsa, ga man zafi a hannunsa."

"Ka bar shinshine-shinshine a ɗakin mutane, ba a yi maka tarbiyya haka ba."

Ya danna harshen kebul ɗin Auta, ya ja shi baya kaɗan, ya tura. Ƙas.

Kaka Halo ta yi tari.

Wallahi ba ta yi niyya ba. Maƙogwaro ne ya saba, shekara biyu duk inda ya ji ƙas sai ya rufa asiri, yau kuma ya tona. Dogo ya waigo a hankali. Ya lalubi na surukar, idonsa cikin nata, ya ja ya tura. Ƙas. Ta sake yi. A na uku ta danne, ta cije leɓe, har ƙwalla ta taru, sai tarin ya fito ta hanci.

Ƙaton mutum ya zube a ƙasa yana dariya yana dukan kafet.

"Kawu ya rubuta wa kamfani wasiƙa uku! An canza layin waje sau biyu! Ni kaina na yi awa guda a waya ina ba da shawara!"

"Rage murya, mai baki kamar ƙofar gareji!"

"Ashe ba ritaya kika yi ba, ofis kika canza."

"Sharri ne. Kuma ko alƙali ba ya kama mutum da tari."

Ya tashi zaune yana share ido. "To kwantar da hankalinki, ranki ya daɗe. Na'urar ma daga akwatinki za ta sha. Kebul ɗaya ne. Ki ja shi, gidan duka ya zubo miki."

"Ka ji irin hankalin naka. Na gwada ranar ƙwallo. Suka cika ƙofar nan kamar masu kashe gobara, kowa na ihu, ba wanda ya zauna, ba wanda ya dube ni. Mai haɗa layi ɗaya-ɗaya take haɗawa."

"To in hau in gaya musu. In ce tsohuwar nan kewa ke damunta, a riƙa saukowa."

"Ka faɗa, ni kuma in tara dangi in sanar da shekarar da ka daina fitsarin kwance. Ina da ranar, ina da shaidu."

"Da gaske nake, Kaka."

Rabon da ya kira ta Kaka har ta manta. Ta dubi hannuwanta da ke kan cinya, ta ji wasan ya zame mata.

"Ni ma da gaske nake. In ka faɗa za su zo, 'ya'yan kirki ne. Kawunka zai zana jadawali ya manna a firji. Su shigo da sanɗa, su zauna a kujera, su rage murya, Mama ya jiki, Mama kin sha magani, suna satar kallon agogo. Wannan dubiya ce, na ƙoshi da ita. Amma in layi ya yanke, da fushinsu suke zuwa, da abin da suke ciki. Surukata ta wanke masu sayen yadinta tas a gabana, Auta ta kawo ƙarar malaminta, kawunka ya yi ta yi mini lissafin da ban gane ba. Mantawa suke yi ni tsohuwa ce. Shi nake so, kuma ba ya zuwa in an roƙa."

Dogo ya ajiye sukundireba. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Talatar da ta wuce Auta tana tsakiyar jarrabawar gwaji layinta ya yanke. Sai da ta yi kwana biyu tana roƙon malamin ya bar ta ta sake."

Ta tuna ranar. Yarinyar ta faɗo ɗakin a guje, ko zama ba ta yi ba, ita kuma ta ga ba lafiya ta yi maza ta mayar da kebul ɗin. Ba ta san dalili ba, ba wanda ya faɗa mata, don kada a ɗaga wa Mama hankali. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta ji ba lokacin da aka kama ta. A duk shekarunta a ofis ba ta taɓa yanke mai kiran likita ba, tana alfahari da wannan.

"To kafa abinka," in ji ta, ta juya fuska wajen taga. "Kai shi saman ka kafa. Ka jefar da akwatin ma in ka ga dama."

Daidai nan muryar ɗanta ta sauko daga kan matakala. "Injiniya! In fito da tsani ne, ko ba ka gama da ƙasan ba?"

Dogo ya dubi na'urar, ya dubi bayan tsohuwar. Ya ɗaga murya.

"A bar tsanin, Kawu! Silin ɗin sama ba zai ɗauki huda ba. A nan ƙasa zan sa ta!"

Ta ji yana ɗaura ƙahonin, ta ji ƙas a rami na biyar, wannan karon maƙogwaronta ya yi shiru. Ta saci kallo ta gan shi ya ɗora na'urar a kan wadirob ba tare da ya taka komai ba, ya buɗe kwamfutarsa a kan gwiwa yana ta danne-danne. Ta so ta share shi, amma son jin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfinta.

"Me kake ƙullawa?"

"Na'urar nan murya uku gare ta, ihu, magana, da raɗa. Na sa ta a raɗa. A sama za su samu sandar sigina ɗaya tak a wayoyinsu, saƙo ya shiga ya fita. Amma mai son tura hoto, ko kallon bidiyo, ko kiran da ake ganin fuska, dole ya biyo ta inda ta fi ƙarfi."

"Ina ke nan?"

"Tsakanin gadonki da waccan kujerar. Kwamfutocinsu na nan kan kebul, aiki da karatu ba abin da zai taɓa su, muddin ɓera ya tuba. Amma ran kowa a wayarsa yake, kuma kowa da lokacin da tasa buƙatar ke tashi."

Ta juyo gaba ɗaya. "Ɓera ya ji."

"Har ranar ƙwallo?"

"Na ce ya ji, kada ka ƙure shi."

"To ba ni lambar sirri. Ko in sa shekarunki? Ba mai iya cankar wannan."

"Sa adadin 'yan matan da suka ƙi ka."

"Gurbin ba zai ɗauka ba."

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ma'aikaciya ce ita ma, ta san me ake nufi da mutum ya ɓata aikinsa da hannunsa.

"Za su ce ba ka iya aiki ba."

"Za su ce."

"Kawunka zai rubuta a takarda, ya kira uwarka. Kafin jibi dangi duk sun ji Injiniya ya kafa waifai da ba ta iya hawa bene."

"Sai a ce gado ta yi." Ya rufe kwamfutar. "Ofis goma sha bakwai na haɗa a bana, ba wanda ya dawo mini da aiki. Wannan ne na farko da na lalata da gangan. Ki riƙe shi da kyau."

Ta nemi abin da za ta zage shi da shi ta rasa, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Shi kuwa ya tura wa mutanen sama lambar ta waya, ya shiga naɗe kayansa.

Ba a jima ba suka ji taku a matakala, a hankali, ana tsayawa. Surukar ce, ta ɗaga waya sama kamar mai neman inda rufi ke yoyo. "Ɗaya... har yanzu ɗaya... biyu." A bakin ƙofa ta ce uku. Ta shigo ta yi taku biyu. "Yauwa, ya cika!" Ta zauna a bakin gado ko duba wurin ba ta yi ba.

"Injiniya, wannan wane irin aiki ne? A ɗakina hoto ɗaya ya yi minti biyar yana juyi. Sai a ɗakin Mama?"

"Bangon gidan nan ne, Anti, kauri gare shi..."

"Bango!" Kaka Halo ta karɓe. "Kada ki saurare shi, 'yar nan. Tun yana ƙarami haka yake, a aike shi sayen allura ya dawo da labari. Ni na ce a kai shi koyon facin taya, uwarsa ta ƙi."

"Wallahi Mama. Ga masu saye suna jira na. Duba wannan matar don Allah, yadi shida ta sa na ɗauka mata hoto, yanzu wai shuɗin ya cika shuɗi."

"Kawo mu gani. A'a, wannan ba mai saye ba ce, mai cin lokaci ce. Daga gaisuwarta na gane."

Ta janye ƙafafunta ta ba da wuri. Surukar ta zare takalmi ta haye gadon sosai, ta jingina da bango, kafaɗa na gogar kafaɗa. Daga sama Auta ta ƙwala kira tana tambayar a ina aka samu sanda huɗu.

"Layi a cike yake," in ji Kaka Halo da ƙarfi, "ki jira a gama!"

Dogo ya rataya jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannu biyu.

"Na sallama, Tsohuwa. Ban iya ba."

"Dama. Sai ka dawo Asabar ka sake gwadawa, ko Allah zai sa ka koya."

"In ban gyara ba fa?"

"Akwai wata Asabar ɗin."

Ya fita yana dariya. Ta bi shi da kallo har ya ɓace, tana sa masa albarka a zuci, irin wadda ko za a yanka ta ba za ta faɗa a gabansa ba. Sannan ta gyara tabarau ta dafa gwiwar surukarta.

"To, nuna mini shuɗin."